Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Kuɗin Yaƙi da Annoba a Damagaram

Kuɗin yaƙi da annoba su ne kuɗin da gwamnati, ko masu tallafa mata, ke bai wa hukumomin kiwon lafiya domin su tari cutar da ta ɓarke a cikin jama'a, irin su sanƙarau, kwalara, ƙyanda da mashaƙo. Sun sha bamban da kuɗin yau da kullum da ake biyan albashi ko gina ɗakunan majinyata da su, kuma bambancin yana ga lokaci. In kuɗin gini suka makara da wata guda, gini ne zai jira. In kuɗin annoba suka makara da wata guda, maƙabarta ce za ta shaida.

Jihar Zinder, wadda ta ƙunshi tsohuwar daular Damagaram da maƙwabtanta, tana cikin wuraren da wannan magana ta fi shafa a Nijar. Ita ce ta fi kowace jiha yawan jama'a, domin ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan uku da rabi a cikinta, galibinsu a kudanci, wajen Mirya, Magarya, Dungas da Matamaye. Tana tsakiyar yankin nan da masana suka laƙaba wa suna ɗamarar sanƙarau, wanda ya ratsa Afirka daga Senegal zuwa Habasha. Ga kuma iyaka da Katsina da Jigawa da Yobe, iyakar da aure da kasuwa da almajiranci ba su san da ita ba. Wanda ya kwana a Magarya zai iya cin kasuwar Maigatari, na Matamaye kuma ya ƙetara Ɗan Barto ya yini a Daura. Cuta ma haka take yi. A 2018 ƙwayar shan-innar da aka gano a Magarya da Tanut an danganta ta da wadda ke yawo a Jigawa.

Kafin a bi sawun kuɗin, ya kamata a san matakan da suke bi. A can ƙasa akwai ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye. Sama da shi akwai cibiyar lafiya da ake kira CSI, wadda babban malamin jinya, wato majo, ke shugabanta. CSI-CSI suna ƙarƙashin gundumar kiwon lafiya, wadda ke da asibitinta da babban likitanta, kuma jihar Zinder tana da irin waɗannan gundumomi 11. A birnin Zinder ne ofishin kiwon lafiya na jiha yake, tare da babban asibitin ƙasa da cibiyar kula da uwa da yaro. Ma'aikatar lafiya kuwa tana Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Labarin cuta daga ƙauye yake tashi ya haura zuwa Yamai, kuɗi kuma daga Yamai suke gangarowa. Labarin kan yi sauri tunda wayar salula ta zo. Kuɗin ne har yanzu ke tafiyar hawainiya.

Kowane mako majo yana aika alƙaluman wasu cututtuka da doka ta wajabta a bayyana su. Ga sanƙarau, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar shi ne: idan aka samu mutum 3 cikin dubu 100 a mako guda, an shiga halin faɗakarwa, idan suka kai 10, annoba ta tabbata. Tsakanin waɗannan lambobi biyu ne ake cin nasara ko a faɗi, kuma abin da ake buƙata a wannan ɗan tsakani ba shi da tsada ainun. Man fetur ne da zai kai ayarin bincike ƙauyen da aka ji ƙishin-ƙishin. Allura ce ta ɗibar ruwan ƙashin baya, da kwalbar da za a adana shi kada ƙwayar ta mutu a hanya, da kuɗin motar da za ta kai shi cibiyar bincike ta CERMES a Yamai, inda ake tantance irin ƙwayar. Sai maganin ceftriaxone da za a fara yi wa majinyaci tun kafin sakamako ya dawo, domin sanƙarau kan yi kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai katin waya, da ɗan abin da za a ba mai shela da gidan rediyon gari. Duka-duka kuɗin wannan mako na farko bai kai abin da ake kashewa a taron bita guda a otal ba, amma shi ne kuɗin da ya fi wuyar samu, saboda ana buƙatarsa a hannu, yau, ba tare da jiran sa hannun kowa ba.

Tushen farko na kuɗin shi ne kasafin ƙasa. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinta. Nijar na cikin masu alkawarin, amma a mafi yawan shekaru abin da take warewa bai kai kashi 10 ba, kuma tun da rikicin tsaro ya tsananta a Difa da Tilaberi, sojoji suka ƙara shan gaban likitoci wajen rabo. Ko abin da aka rubuta a kasafin ma ba duka ke fita ba, domin baitulmali yana sakin kuɗi ne kashi-kashi, gwargwadon abin da ya shigo masa. Akwai kwamitocin kula da annoba a matakin ƙasa da jiha da gunduma, akwai tsare-tsare a rubuce, akwai kuma ƙa'idar cewa idan an ayyana annoba magani kyauta ne. Abin da kan yi ƙaranci shi ne asusun da babban likitan gunduma zai buɗe da kansa a ranar da ya ga alamar farko.

Tushe na biyu shi ne aljihun majinyata, kuma a nan ne labarin ya fi sarƙewa. Bayan shirin da ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi a Bamako a 1987, Nijar ta kafa doka a 1995 wadda ta sa mara lafiya ya biya wani abu a cibiyar lafiya. Kuɗin suna zama a asusun cibiyar, kwamitin mutanen gari yana sa ido, da su ake sake sayen magani, a biya mai gadi da mai karɓar kuɗi, a zuba wa motar ɗaukar marasa lafiya mai. Tsarin ya hana talakawa da yawa zuwa likita, amma ya ba majo wani ɗan abin taɓawa. Sai a 2005 da 2006, zamanin Shugaba Mamadu Tanja, gwamnati ta mai da tiyatar haihuwa kyauta, sannan awon ciki, da tsarin iyali, da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Yadda aka tsara, cibiya za ta yi aikin, ta rubuta takardar kuɗi ta aika Yamai, gwamnati ta biya ta.

Shawarar ta yi kyau, kuma ta yi amfani. Uwaye sun yi tururuwa da 'ya'yansu, kuma a shekarun da suka biyo baya mutuwar ƙananan yara ta ragu sosai a Nijar, duk da cewa gidan sauro da rigakafi da maganin tamowa su ma suna da kaso a wannan nasara. Inda gizo ke saƙa shi ne biyan. Takardu sun riƙa kwana a ofisoshi watanni, wani lokaci shekaru, bashin da cibiyoyin lafiya ke bin gwamnati ya taru ya kai biliyoyin sefa, kamar yadda masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai suka daɗe suna nunawa. Yara ƙanana su ne mafi yawan masu zuwa CSI, don haka cibiyar da ba a biya ta kuɗinsu ba asusunta ya bushe ke nan. Uwa ta zo, an duba yaro kyauta, an miƙa mata takardar magani ta je ta saya a waje. To cibiyar da ta kasa ajiye maganin zazzaɓi a ranar lafiya lau, da me za ta tari annoba? Duk wanda ke neman dalilin da ya sa makon farko na annoba kan wuce ba a yi komai ba, ya fara dubawa daga wannan bashi. Har yau fiye da kashi 40 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijar daga aljihun iyalai yake fita kai tsaye.

Tushe na uku, wanda shi ne mafi kauri idan annoba ta riga ta tabbata, shi ne na waje. Wasu masu tallafi suna zuba kuɗinsu a tukunya guda, wato asusun bai-ɗaya na lafiya da aka kafa a 2006 da hannun Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, daga baya wasu kamar UNICEF da ƙawancen allurar rigakafi na Gavi suka shigo. Amfanin wannan asusu shi ne ma'aikatar lafiya ce ke tafiyar da shi, kuma yana kaiwa har gundumomi bisa tsarin aikinsu na shekara. Wasu kuma kowa da igiyarsa: kuɗin shan-inna ba a taɓa su don ƙyanda, na zazzaɓin cizon sauro ba a karkata su ga kwalara, ko da kuwa mota ɗaya ce da ma'aikaci ɗaya za su yi aikin.

Akwai kuma rumbunan gaggawa na duniya, waɗanda kusan kowannensu wata masifa ce ta haife shi. Sanƙarau na 1996, wanda ya kama mutum sama da dubu 250 a Afirka ya kashe kimanin dubu 25, ya nuna cewa ƙasashe na rige-rigen sayen allura, mai kuɗi ya kwashe, mai buƙata ya rasa. Shi ya sa a 1997 aka kafa kwamitin ICG, wanda ya haɗa Hukumar Lafiya ta Duniya, UNICEF, ƙungiyar likitoci ta MSF da tarayyar ƙungiyoyin Red Cross, domin ya riƙe ajiyar allurai ya raba su bisa buƙata. Ƙasa ce ke rubuta takardar nema, ta haɗa da alƙaluma da shaidar ɗakin bincike da tsarin yadda za ta yi rigakafin. Idan takarda ta cika, kwamitin kan yanke hukunci cikin kwana biyu na aiki. Gavi ce ke biyan kuɗin alluran ga ƙasashe irin Nijar, ta kuma taimaka da wani ɓangare na kuɗin aikin. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da asusun CERF tun 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta kafa nata asusun ko-ta-kwana a 2015 bayan Ebola ta kunyata duniya a Gini da Laberiya da Saliyo. Sai dai a lura: duk waɗannan ƙofofi ba sa buɗewa sai an zo da shaida, shaidar kuwa sai an kashe kuɗin makon farko ake samun ta.

Sanƙarau na 2022 zuwa 2023 a Zinder ya nuna yadda abin ke gudana. Allurar MenAfriVac, wadda Nijar na cikin ƙasashe uku na farko da suka fara yin ta a 2010, ta kusa kawar da nau'in A, wanda shi ne ke haddasa manyan annobai a da. Sai nau'in C ya maye gurbi. A 2015 ya kama kimanin mutum 8,500 a Nijar ya kashe sama da 570, a daidai lokacin da allurarsa ta yi ƙaranci a duniya. Daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023, jihar Zinder ta ba da rahoton mutum 559 da suka kamu, 18 suka rasu, alhali a irin wannan lokaci na shekarar da ta gabata 231 ne. Gundumar Dungas ce ta fi yawan masu cutar, sai Matamaye da Mirya. Daga cikin 111 da ɗakin bincike ya tabbatar, 104 nau'in C ne. Kwamitin ICG ya amince da allurai sama da dubu 600 a ƙarshen Disamba da farkon Janairu, aka yi rigakafi. Yawan waɗanda suka rasu bai kai abin da aka saba gani ba, wanda ke nuna cewa an kai majinyata asibiti kuma an samu magani. Wannan abin yabo ne ga ma'aikatan jihar. Amma masana sun yi ittifaƙin cewa rigakafin gaggawa ya fi amfani idan aka yi shi cikin mako huɗu da ƙetare ma'aunin annoba, kuma kowane mako da aka ɓata wajen haɗa takardu da neman kuɗin mai da na ƙanƙara da alawus ɗin masu allura, raguwa yake yi daga amfanin. A lokacin ne kuma cutar ta ɓulla a Jigawa, inda wata gwamnati daban, da wani kasafi daban, ta shiga nata neman. Yanzu an samu sabuwar allura mai maganin nau'i biyar, wadda Najeriya ta fara amfani da ita a 2024, Nijar ta biyo baya a wannan shekarar.

Mashaƙo ya zo da darasi mai ɗaci fiye da haka. A watan Yulin 2023 aka ga masu cutar na farko a gundumar Matamaye, a lokacin da take cin Kano. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta rufe iyakoki ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da Zinder da Maraɗi ke samu ta layin Katsina, wutar da firjin ajiye allurai ke dogara da ita. Tarayyar Turai da Faransa suka dakatar da tallafin kasafi, Bankin Duniya ya tsayar da sakin kuɗi. UNICEF ta sanar cewa kwantenoninta na kayan rigakafi da abincin yara masu tamowa sun maƙale a iyakar Binin da tashar Kwatano. A watan Oktoba gwamnati ta rage kasafin 2023 da kashi 40 cikin 100, daga sefa biliyan 3,291 zuwa biliyan 1,981. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024. Ko mutum yana ganin laifin wa a rikicin, abu ɗaya ya fito fili: yaron da maƙogwaronsa ya toshe a Matamaye ba shi da hannu a siyasar, amma shi ya biya. Mashaƙo kuwa cuta ce da allurar jarirai ta yau da kullum ke hanawa, don haka ɓullarsa shaida ce cewa an yi shekaru ana tsallake wasu yara.

Akwai wata gaggawar da ba ta cancanci sunan ba-zata ba, domin kowa ya san watan zuwanta. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, sauro kuma ya yi yawa, zazzaɓi da tamowa kan haɗu su cika asibitocin kudancin jihar. MSF tana aiki a Magarya tun yunwar 2005. A daminar 2018 ta ba da sanarwar cewa yara fiye da 700 ke kwance a sashen yara na asibitin garin, kuma an yi wata guda ana rasa kimanin yara 10 kowace rana. A Mirya ƙungiyar 'yan ƙasa ta BEFEN da abokiyarta ALIMA suna irin wannan aiki tun 2009, kuma a can ne aka gwada koya wa uwaye auna damtsen 'ya'yansu da ɗan zare mai launi don gane tamowa da wuri, dabarar da ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Waɗannan ƙungiyoyi sun ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. Sai dai abin da ke dawowa kowace shekara a lokaci guda, wurinsa kasafin ƙasa ne, bai kamata a riƙa neman kuɗinsa da sunan agajin gaggawa ba, ana sabunta roƙo duk shekara.

Kwalara kuma maganinta na asali ba ya hannun ma'aikatar lafiya. A 2021 ta kama mutum sama da dubu biyar a Nijar, Zinder da Maraɗi na cikin jihohin da ta taɓa. Birnin Zinder ya daɗe da ƙishirwa, yana kan dutse, ruwansa daga nesa ake janyo shi, daga Gogo-Machaya da Arunguza, unguwanni da yawa kuma 'yan ga-ruwa ne madogararsu. Ambaliyar 2024, wadda ta rusa tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, ta tuna wa kowa cewa ruwan da ya yi yawa ma hanyar cuta ne.

Shekarun 2024 da 2025 sun zo da sauye-sauye biyu da za su shafi asusun gundumomi kai tsaye. A watan Agustan 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya a asibitocinta da rabi, daga 1 ga Satumba, ta kuma mai da haihuwa kyauta. Talaka ya ji daɗi, kuma ya cancanci hakan. Amma rabin da aka yafe wa majinyaci dole wani ya biya wa cibiya, kuma in aka bi hanyar 2006, aka bar shi ya zama bashi, ɗan abin da ya rage a asusun majo ma zai tafi. A 2025 kuma Amurka ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ta wargaza hukumar USAID, ta kuma ce ta daina ba Gavi kuɗi, wasu ƙasashen Turai su ma suka rage nasu. Rumbunan da Zinder ke ɗiba a ranar annoba suna raguwa ke nan. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Gatarin da ake magana ba wani abu ne da ya fi ƙarfin ƙasa ba. Dokokin 2016 sun riga sun miƙa wa ƙananan hukumomi da majalisun jihohi wani ɓangare na harkar lafiya, ko da yake iko ya riga kuɗi isowa, kuma tun Afrilun 2024 kantomomin da aka naɗa ne ke riƙe da garuruwa. Fadar Sarkin Damagaram, da hakimai da limamai da masu unguwanni, sun daɗe suna aikin da kuɗi ba ya saye, wato shawo kan magidanci ya bari a yi wa iyalinsa allura. Abin da ya rage shi ne a ba kowace gunduma daga cikin 11 ɗin asusun ko-ta-kwana nata na kanta, wanda babban likita zai iya taɓawa a ranar da aka kai ma'aunin faɗakarwa, ya kawo lissafi daga baya, a kuma karanta lissafin a gaban kwamitin mutanen gari, domin kuɗin gaggawa, saboda saurin da ake kashe su, sun fi kowane kuɗi saurin bin iska idan babu ido a kansu. A ajiye ceftriaxone da ruwan gishiri da sinadarin tsabtace ruwa a gundumomi kafin lokacinsu. A biya cibiyoyin lafiya bashin jinyar yara a kan kari. A kuma zauna da hukumomin Jigawa da Katsina a daidaita ranakun rigakafi a garuruwan iyaka.

Masu tsara kasafi a Yamai da kantomomin garuruwan Damagaram su duba kalanda: sanƙarau yana shigowa da hunturu ya tsananta a bazara, zazzaɓi da tamowa da kwalara kuma suna zuwa da damina. Kuɗin sanƙarau su isa gunduma kafin Nuwamba, na damina kuma kafin Yuni.